Tsohuwar Wayar Dish: A More Ta Ko A Tsinke Ta?

Duk wanda ya ɗaga kai a lungunan Diobu na Fatakwal, ko a layukan da ke kewaye da masallacin titin Bida a Anacha, ko a Asata cikin Inugu, zai ga bangaye sun sha wayoyi. Baƙaƙe da farare, sun gangaro daga rufi, an kafe su da 'yan ƙusoshi, sun shige ta kusurwar taga. Wasu na aiki, da yawa kuwa sun daɗe da mutuwa. Ɗan haya ya tashi ya bar tasa, wanda ya gaje shi ya kira mai ɗaura dish ya ja sabuwa kusa da ita, shi ma ranar da kuɗin wata ya fi ƙarfinsa ya cire dikoda ya tura ƙarƙashin gado. Waya dai tana nan inda aka kafe ta.

Da dalili aka tara su. Kamfanin MultiChoice ya shigo Najeriya a 1993, amma a shekarun farko dish sai gidan masu hali. Abin ya sauko inda talaka zai taɓa ne da zuwan StarTimes a 2010 da GOtv a 2011, sannan tashar Africa Magic Hausa da ta fara a 2010 da Arewa24 a 2014 suka ba mutumin Arewa da ke ci-rani a Kudu hanyar jin harshen gida bayan isha'i. Ga tashoshin wa'azi na kyauta, ga tarawihin Harami kai tsaye a watan azumi, ga ƙwallon Ingila ranar Asabar. Mahauci a Fatakwal, da mai albasa a Anacha, da dillalin shanu a Ugwuoba, kowa ya ja wayarsa.

Sai kuma kallo ya yi ƙaura. Tun wajen 2020, da Izzar So da Labarina suka saba wa mutane jiran sabon kashi a YouTube, talabijin ɗin kansa ya koma mai shiga intanet, wanda ba shi da irinsa ya sayi ɗan akwatin Android ya jona. Matsalar ta sauya kama. Rauta tana ɗaki ɗaya, talabijin yana wani, tsakaninsu bulo da siminti da dekin mai rodi. Hoto ya daskare, 'yar da'irar nan ta hau juyawa, yara su hau tsaki. Daga nan tambaya ta taso a bakin masu haɗa waya da masu gidajen kallo da samarin da suka iya bincike: tunda ga waya a shimfiɗe har bayan talabijin, me zai hana a tura intanet ta cikinta?

Ana yi, kuma ba sabon abu ba ne. Wayar dish, wadda sunanta na sana'a koaksiyal, in ka yanka ta za ka ga zare guda na tagulla a tsakiya, farar roba ta lulluɓe shi, sai takardar alminiyam da ragar ƙarfe, sannan fatar waje. Ragar nan ita ce sirrinta, domin tana hana sigina fita, tana hana hayaniyar waje shiga. Wani Baturen Ingila, Oliver Heaviside, shi ya yi rajistar wannan tsari tun 1880, kuma kwamfutocin ofis na farko da aka haɗa da juna a shekarun 1970 da 1980 ta irin wannan waya suka yi magana, kafin shuɗiyar wayar da muka sani yau ta ture ta. A 2004 wasu kamfanoni a Amurka suka kafa ƙungiyar MoCA don maido da wannan aiki cikin gidaje. Abin da suka fitar ɗan akwati ne da bai wuce tafin hannu ba: gefe ɗaya ana ɗaura masa wayar dish, ɗaya gefen a soka wayar kwamfuta. Ka sa ɗaya kusa da rauta, ɗaya bayan talabijin, ka ba su wuta. Samfurin MoCA 2.5 na 2016 yana iya ɗaukar gigabit 2.5 a daƙiƙa, kuma ana iya jera irin waɗannan akwatuna har 16 a gida ɗaya.

Masu cewa a more ta suna buɗe baki ne da karin maganar da kowa zai zata, wato da tsohuwar zuma ake magani, amma hujjarsu ta farko ba ta fasaha ba ce, ta zaman haya ce. Mafi yawan 'yan Arewa a waɗannan garuruwa uku a gidan wani suke zaune. Ka ɗauko na'urar huda bango a gidan da ba naka ba, a garin da ake kallon ka baƙo ko da a nan aka yanke cibiyarka, ka ga yadda ƙaramar magana ke zama babba. Mai gida zai ce ka ɓata masa gini, wakilinsa zai rubuta, ranar tashi a zare daga kuɗin ajiya. Ramin da tsohuwar waya ta bi kuwa an riga an huda shi, an yi faɗan an gama tun zamanin wani. Wanda ya yi amfani da shi bai taɓa bangon kowa ba.

Hujja ta biyu ita ce gazawar waifai a irin gininmu. Rauta tana watsa sigina ne a zango biyu, na gigahaz 2.4 da na 5. Na farkon yana ɗan ratsa bango amma a cunkushe yake, domin a gidan haya mai ɗakuna goma suna fuskantar juna kusan kowane ɗaki da 'yar MiFi ɗinsa ko wayar da aka kunna wa rabon data, duk suna ture juna. Na biyun yana da sauri da fili, sai dai bango biyu na bulo sun isa su karya masa gwiwa, dekin kuwa ba a magana. Sannan rautar da ke aiki da layin waya ba inda kake so take zama ba, inda sabis yake take zama: bakin taga, ko ɗakin sama. Haka abin yake ga wanda ya samu 5G, wadda MTN ya fara a 2022 da Fatakwal cikin garuruwan farko, haka yake ga mai Starlink da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Intanet daga sama yake shigowa, kallo a ƙasa ake yin sa, tsohuwar wayar dish kuma daga sama zuwa ƙasa aka ja ta. Suka ce to ina wahalar?

Akwai ta uku, wadda ba za ka same ta a littafin kamfanin da ya ƙera na'urar ba. A gidan Bahaushe falon maigida ko shagonsa yana gaba, iyali suna ciki. Rauta a wajen maigida take, masu kallon da gaske kuwa, uwargida da amarya da yara, suna can inda sigina ba ya kaiwa. Jan sabuwar waya na nufin baƙon namiji ya yini yana shiga ɗakunan matan aure da tsani, ana ɗaga gado ana janye kwaba. Magidanta da yawa za su gwammace hoto ya yi ta daskarewa. Ɗan akwatin nan kuwa yaron gida ɗan sakandare zai ɗaura shi tsakanin la'asar da magariba, ba wanda ya ga tsakar gidan wani. Ni dai ban raina wannan hujja ba, kuma duk injiniyan da ya yi mata dariya bai san mutanen da yake wa aiki ba.

Ɗaya ɓangaren, wanda galibi masu hawa rufi ne da kansu, ba su musa cewa na'urar tana aiki ba. Abin da suke cewa shi ne, ba don gidajenmu aka ƙera ta ba. Kuma a nan sai an ɗan yi haƙuri da lissafi, domin a kansa gardamar take tsaye.

Kowane abu da ke bin wayar nan yana da nasa zangon. Siginar da ke saukowa daga kan dish, daga ɗan ƙoƙon da ke gaban faranti, tana mamaye daga megahaz 950 har 2150. MoCA ɗin da aka fi sayarwa kuma yana aiki ne daga 1125 zuwa 1675, wato a tsakiyar gonar dish. A Amurka wannan bai dame su ba, domin yawancin gidajen da aka yi wa na'urar talabijinsu ta wayar kamfani yake zuwa daga titi, a zangon da ke ƙasa da wannan, sai kowa ya kama layinsa. Mu kuwa dish muke ɗaurawa. Wanda ya kalli bidiyon wani Ba'amurke yana cewa talabijin da intanet za su bi waya ɗaya lafiya lau, ya yi odar akwatunansa, ya jona su kan wayar DStv mai aiki, zai tashi a tutar babu: tashoshi sun ɓace, intanet ɗin ma yana tangal-tangal. Ƙari a kan haka, dikoda tana tura wuta mai ƙarfin bolt 13 ko 18 ta cikin wayar zuwa kan dish, kuma ba kowane mahaɗi ne ke barin ta wuce ba. Don haka ga mai dish zaɓi ne tsakanin biyu, ko faranti ko akwati. Kuma mutum nawa ne zai yarda ya kashe dish ɗinsa gaba ɗaya, alhali tashoshin kyauta ba sa cin data, ba sa neman kuɗin wata?

Masu goyon baya suna da amsa, har biyu ma. Suka ce ai ba kowa ne mai faranti ba. Wanda yake kan GOtv ko StarTimes ta eriya, ko akwatin FreeTV da ya zo Inugu da sauyin talabijin zuwa dijital a 2018, siginarsa tana tsakanin 470 da 862 ne a iyakarta, ƙasa da inda MoCA ke farawa. Wannan zai iya haɗa su a waya ɗaya, in dai ya sa 'yar matatar da ke hana intanet ɗinsa fita ta eriya, ya kuma kauce wa busta, domin busta gefe ɗaya take tura sigina, intanet kuwa zuwa da dawowa yake yi. Amsa ta biyu ita ce akwai wani tsarin daban, G.hn, wanda hukumar sadarwa ta duniya ITU ta amince da shi a 2009. Na'urorinsa da aka saba gani ƙasa da megahaz 200 suke aiki, nesa da dish, nesa da eriya. Da mahaɗin da ya dace za su zauna lafiya da dish a waya guda. Gaskiya ne. Sai dai wannan amsa ta fi kyau a takarda. G.hn da MoCA ba sa jin yaren juna, kwalayensu kuma sun yi kama, kuma wanda zai tsaya ya duba lambobin da ke bayan kwali kafin ya biya ba shi ne mai yawa ba.

Suka ta biyu ta fi ta farko sauƙin gani, ido ma ya ishe ta. Gidan Ba'amurke ana gina shi ne da wayar nan a binne cikin bango, kowane ɗaki da bakinsa, duk sun haɗu a wuri ɗaya. Shi ya sa jan sabuwa yake masa tsada, shi ya sa ya ƙirƙiro dabarar. Namu kuwa kowace waya ita kaɗai take tafiyarta, daga faranti zuwa dikoda ɗaya, ba ta san ta ɗakin kusa ba. In kana son falo ya yi magana da ɗakin uwargida sai ka hau rufi ka haɗa bakunan biyu, a fili, inda rana da ruwa za su same su. Kuma tunda a waje aka kafe ta da ƙusa, mai sana'a zai ce maka, "Alhaji, ai wannan ba aiki ba ne. A ɓalle ta, a bi sawunta da wayar kwamfuta, ramin da ta shiga nan za mu shiga." Ya faɗi gaskiya. Wayar Cat6 tana ɗaukar gigabit har tsawon mita 100, ba ta shan wuta, ba ta da abin ƙonewa, ana yanka maka ita da mita a Garrison ta Fatakwal ko Ogbete ta Inugu, balle Anacha da babu irin wayar da ba a sayarwa. Da wannan magana ɗaya hujjar mai gidan haya ta rushe a mafi yawan gidaje, domin ba sabon rami za a huda ba.

Sai batun ruwa. Wanda ya taso a Katsina ko Sakkwato bai san abin da damina ke yi wa waya ba sai ya zauna a Fatakwal, inda ruwan shekara ke haura milimita 2,000, na Kano kuwa bai kai rabin haka ba. Kwance kan tsohuwar waya da ta yi 'yan shekaru a rufi ka duba. Salatif ɗin da aka naɗe ta da shi ya saki, baƙar toka irin wadda ta addabi garin tun 2016 ta cakuɗe da danshi ta zama laka, ragar ciki ta koma farin gari tana marmashewa a yatsa, zaren tsakiya ya yi ja. Jan nan tsatsa ce, domin yawancin wayar da ake kira RG6 a kasuwa ƙarfe ce aka shafa wa tagulla. Kai maganaɗisu kusa da ita ka ga ta manne. Ruwa kuma in ya shiga ta kai ba ya tsayawa nan, bin ragar yake yi a hankali har ya yi nisa a ciki, inda ba a gani. Ga kuma tsawa. Waya ce da ke kan rufi, galibi ba a haɗa ta da ƙasa ba. Da can dikoda kaɗai za ta ci. Yanzu ka ɗaura mata rauta da talabijin da kwamfuta.

A nan kam masu goyon baya sun rama da kyau, kuma a ganina sun ci wannan zagayen. Suka ce a bar zato, a gwada. Siginar dish tana hawa har 2150, inda waya ta fi wahala, domin iya hawan zango iya raunin sigina a hanya. Wayar da ta iya kawo dukan tashoshi tas ba tare da hoto ya farfashe ba, ta ci jarrabawar da ta fi ta MoCA tsanani. A aro dikoda a jona, a duba ma'aunin inganci. In ya cika, a yanke ɗan tsayin da ya jiƙa, a sa sabon kai irin wanda ake matsewa da filaya, ba na murɗawa da hannu ba, a cire bakin daga rufi a shigo da shi inuwa. In ya gaza, an huta tun kafin a kashe ko kwabo. Ba duk tsohuwar waya ce ruɓaɓɓiya ba, musamman wadda rabinta ke cikin silin.

Amma duk wannan kokawa a cikin gida ake yin ta, alhali ciwon yana bakin ƙofa. Fim mai kyawun hoto, irin wanda ake kira HD, megabit 5 a daƙiƙa ya ishe shi. Wanda ya fi shi kyau, 4K, tsakanin 15 da 25. Akwatin da ke alfahari da 2,500 me zai yi da sauran? Duk wanda ya taɓa ƙetare tsohuwar gadar Neja ta 1965 a watan Disamba, kafin a buɗe ta biyu a 2023, ya san faɗin titin cikin gari ba ya rage wa kowa zaman jira a bakin gada. Gadarmu ita ce layin da ke shigo da intanet, da kuɗin da ake biyan sa. Megabit 5 ɗin nan in ka lissafa ya haura gigabait 2 a awa guda. Iyalin da ke kallon awa uku kullum sun doshi gigabait 200 a wata, a ƙasar da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Shi ya sa mutane da gangan suke rage kyawun hoto zuwa 360 ko 480, wanda ko raunanniyar waifai za ta ɗauka. Mai sayen akwati don hoto ya daina tsayawa, alhali sabis ne ke tsayawa da ƙarfe tara na dare in kowa ya hau, ya bar jaki yana dukan taiki.

Kuɗin akwatin ma abin dubawa ne. Biyu ake saye, ba ɗaya ba, kuma masu kyau sukan kai dala 100 ko fiye kafin kuɗin jirgi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma ba kaya ne da za ka samu a kowane shago ba. In ɗaya ya ƙone sai ka jira wani ya zo daga waje. Ƙonewa kuwa ba abin mamaki ba ne ga wanda kamfanin PHED ko EEDC ke ba wuta ana ɗaukewa, ana komawa janareto, ana dawowa. Kowane akwati da nasa soket. In ɗakin rauta yana kan inbata, ɗakin talabijin kuma yana kan sola daban ko babu komai, sai an sake wani lissafin. Wutar da suke sha kaɗan ce, ko a farashin wutar rukunin A da ya koma naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 ba ita ce za ta karya mutum ba. Abin da ke karya shi yawan abubuwan da za su iya mutuwa a tsakanin rauta da allo.

Akwai wani abu da ɓangarorin biyu ke ja, kowa na cewa nasa ne. Ɗan Arewa a Kudu ya koyi kada ya binne dukiyarsa a inda ba zai iya ɗauka ba. Tarihin rikicin 1966 yana nan, na Anacha a 2006 yana nan, na Oyigbo a 2020 bai yi nisa ba, kuma ko ba rikici, rufe mayankar Trans-Amadi a 2021 ya tashi mutane da yawa daga inda suka saba. Masu akwati suka ce to ai namu aljihu yake shiga, wayarku ta Cat6 a bango za a bar ta. Waɗancan suka ce wayar da za a bari kuɗinta bai kai na cefanen mako ba, akwatinku kuwa in an je sabon gida aka tarar babu wayar dish mai kyau ya zama kayan ajiya. Wanda ya fi su duka sauƙin kaya shi ne mai MiFi a aljihu da waya a hannu, kuma shi ne mafi yawa, bai ma san ana wannan gardama ba.

In aka tambaye ni, a ɗaki ɗaya ko biyu na haya, inda waya ke manne a bayan bango kowa na gani, masu cewa a tsinke ta sun fi gaskiya, nesa ba kusa ba. A matsar da rauta tukuna, sau da yawa shi ke nan. In bai yi ba a ja Cat6, a dai tabbata ta tagulla ce, domin ita ma akwai ta alminiyam mai shafe da ke karyewa a lanƙwasa.

Sai dai ba kowa ne ɗan haya ba. Al'ummar da ta ba Inugu magajin gari na farko, Malam Umaru Altine, tun shekarun 1950, tana da zuriyar da ta gina benaye, tana da masaukan baƙi da makarantun Islamiyya da shagunan da ke hawa biyu. A irin waɗannan gine-gine, musamman na shekaru ashirin da suka wuce, an binne wayar talabijin cikin bututu kafin a yi filasta, kowane ɗaki da bakinsa, duk sun haɗu a wuri ɗaya, domin da haka masaukai ke raba tashoshi kaɗan zuwa ɗakuna da yawa. Haka ma gidan da ya taɓa yin XtraView, wato dikoda biyu ko uku a kan biyan kuɗi ɗaya, galibi yana da waya da ta haɗa ɗaki da ɗaki kai tsaye. Nan ne gidan ya yi kama da wanda aka ƙera na'urar dominsa. Ko a nan ma akwai dabarar da ya kamata a fara gwadawa: a ɗaure sabuwar waya a bakin tsohuwar, a ja daga ɗaya gefen, tsohuwa ta fito sabuwa ta shiga. In bututun yana da faɗi, magana ta ƙare. In siminti ya cije shi, ko magini ya lanƙwasa shi inda ba ya ja, to fasa tayil da filasta na bene guda ya fi kuɗin akwati nesa, kuma nan ne kaɗai zan ce a saya ba tare da na yi jim ba.

A irin wannan gini ne kuma saurin nan na cikin gida yake samun aikin yi. Mutanenmu sun daɗe da sanin hanyar kauce wa data: a je wajen masu tura fina-finai a cika memori, ko a tura ta Xender. Mai masauki da ya ajiye kwamfuta ɗaya da babban rumbun ajiya a ofis, ya zuba tafsirai da karatuttuka da shirye-shiryen da yake da izinin nunawa, zai iya raba su ga kowane ɗaki ta tsohuwar wayar ba tare da ko megabait ɗaya ya fita daga layinsa ba. Makaranta ma haka, darasi ɗaya da aka sauke da dare ya isa kowane aji da safe. Kyamarorin tsaro ma ta nan za su bi, wasunsu ko akwatin ba sa buƙata domin da wayar koaksiyal aka yi su. Abin kiyayewa ɗaya ne: in wayar ta ratsa zuwa ɗakin da ba naka ba, ko shagon da ka ba wani haya, a cire wannan reshen ko a sa wa akwatunan kalmar sirri, don duk wanda ya jona nasa a can ya shigo cikin gidanka ke nan.

Mai gidan kallo kuwa, wanda ake zaton shi zai fi kowa murna, shi ne ya fi kowa taurin kai, kuma ba jahilci ba ne. Ƙwallon da ke zuwa ta intanet yana makara, wani lokaci da rabin minti ko fiye, a bayan wanda ke saukowa ta faranti. A daren da Arsenal ke wasa da Chelsea, in rumfar maƙwabcinsa ta kaure da ihun ci alhali a allonsa ɗan wasa bai ma buga kwana ba, sati mai zuwa bencinsa babu kowa. Intanet yana ajiye shi ne don lokacin da hadari ya haɗo dish ya ɗauke, abin da a Fatakwal yakan faru a tsakiyar wasa. Don haka yana son duka biyun a raye a lokaci ɗaya, wanda MoCA ɗin kasuwa ba zai ba shi a waya guda ba. Shi nasa maganin waya biyu ne gefe da gefe, tsohuwa ga faranti, sabuwa ga rauta, da yaro a kusa da rimot.